Ranar da Yaya Ya Kwaɓa Fulawa a Gidan Jamusawa

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin injunan gidan burodi. Kafin in kai nan, gidan burodin kansa na gina a Maradi, bulo bayan bulo, kafin shi kuma na yi shekara bakwai ina tallar burodi a ka a bakin tasha. Ba wanda ya ɗora ni a kan hanya.

Zuwana Faransa na farko neman injin kwaɓa fulawa da tanda ne ya kai ni. A can idan mai gidan burodi ya tsufa, 'ya'yansa kuma ba su son tashin asuba, sai a kwashe kayan a kai wani sito a bayan gari su yi ta jiran mai saye. An ba ni kwatancen irin waɗannan wurare guda uku a kewayen Lyon.

Ina da yaya a Paris, ɗan wan babana. Ya yi boko har ya ƙure, yana aiki a wani babban ofishi na ƙasa da ƙasa. Duk hutun da ya zo gida a wurina yake sauka, shi da iyalinsa. In bar masa ɗakina, in yanka rago, in ba shi mota cike da mai. Saboda haka da na sauka Paris ko tunanin masauki ban yi ba.

Bai kai ni gidansa ba. A wani ɗan gidan abinci a Belleville muka haɗu, jakata tana tsakanin ƙafafuna. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida a gurguje, yana duban agogo.

"Ka san zaman nan ba kamar gida ba ne," in ji shi. "Gidan ya yi mana kaɗan. Kuma ai aikinka a Lyon yake, me za ka zauna yi a Paris?"

Ya ce ya riga ya samo mini wuri. Tsohon shugabansa a wurin aiki, wani injiniya Bajamushe da ya yi ritaya, yana zaune da matarsa a Villeurbanne, gab da Lyon. Suna da ɗaki guda da suke saukar da baƙi, kuma a ɗakin ne 'yar Yaya za ta zauna baɗi idan ta fara jami'a.

"Mutanen kirki ne. Amma ka kama bakinka. Abin da suka tambaye ka, ka ce e ko a'a, shi ke nan."

Na ɗauka Faransancina na kasuwa ne yake jin kunya. Na ce to.

Mutanen kirki ne kuwa. Mijin dogo ne, ba ya magana sai da dalili, ina ce masa Mushe, yadda muke kiran namiji da Faransanci. Matar gajeriya ce mai saurin tafiya, ina ce mata Madam. Ƙarfe shida da rabi na yamma ta shimfiɗa tebur: wani baƙin burodi mai nauyi kamar tubali, cuku, da yankakken kokwamba. Ta ce, "Za ka ci?"

Tun safe ban sa komai a cikina ba. Amma ni baƙo ne, ranar farko. Na ce, "Na gode, Madam, na ƙoshi."

Ta ce to, ta ɗauke farantina ta mayar cikin kabad. Na zauna ina jiran tayi na biyu. A wurinmu sai an yi na uku, har a haɗa da rantsuwa, kafin baƙo ya miƙa hannu. Suka cinye abincinsu tas ina kallo, ta share tebur. Washegari da safe na sake yin irin wannan wauta, aka sake ɗauke faranti. Da rana a mota cikina ya yi ƙugi har Mushe ya ji. Ya dube ni ya ce, "Kana jin yunwa."

Na ce, "Tun jiya."

"To me ya sa ka ce ka ƙoshi?"

Na yi masa bayanin yadda muke yi. Ya saurara da kyau, kamar ana karanta masa takardar inji. Sannan ya ce, "A gidanmu abin da mutum ya faɗa shi muke ɗauka."

Ba ƙarya ya yi ba. A bangon kicin akwai wata babbar kalanda da alƙalami rataye da zare. Duk abin da ya fito daga bakin mutum yana da rana a jiki, Madam sai ta rubuta. Na ji Mushe ya ce zai duba tayar kekenta ranar Alhamis, kafin ya rufe baki ta rubuta. Ranar Alhamis kuwa ya duba.

A kwana na uku ta kira ni zaure ta ce za ta nuna mini wani abu da zai faranta mini rai. Hoto ne cikin gilashi, a tsakanin hotunan jikokinsu. Gidan burodina ne. Ƙofata ce mai shuɗin fenti, da rumfar kwanon da na kafa da hannuna. Yaya yana tsaye a tsakiya cikin babbar riga, ya harɗe hannuwa. Ni kuma ina can gefe da singileti, ɗauke da tire. Na tuna ranar. Shi ya ce in riƙe tiren don hoton ya yi kyau.

"Ga ka nan," in ji Madam, ta ɗora yatsa a kaina. "Ya ba mu labarinka tun da daɗewa. Yadda ya gina wurin nan don 'yan uwansa marasa aiki, ya ɗauko ka daga titi. Yanzu ga shi har ya amince da kai yana aiko ka sayen inji. Lallai ka yi ƙoƙari."

Ta dafa kafaɗata. Da zuciya ɗaya ta faɗa, shi ya fi ciwo.

Na ce, "Haka ya ce?"

"Ya ce shi ma yana ɗalibi da hannunsa yake kwaɓi kafin ya tafi makaranta. Mutum ne da bai manta asalinsa ba."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Rashin kai ni gidansa na riga na haɗiye shi. Amma wannan daban ne. Mutumin da bai taɓa ɗaga buhun fulawa ba ya ɗauki shekarun wahalata ya rataye a bangon wasu da sunansa, ni kuma ya mayar da ni yaron da aka tsinta. Yanzu na gane dalilin "ka kama bakinka".

Da taubashina ne, da na wanke shi tas a gaban kowa a ce wasa ne. Amma ɗan wan uba yaya ne sosai, ƙane ba ya ƙaryata shi a gaban bare. Ko da na ture wannan gefe, kwana uku suka san ni, shi kuwa shekara ashirin. In na ce wurin nawa ne, zan zama yaron da aka yi wa alheri yana neman cin amanar maigidansa. A kasuwa na koyi cewa kayan da ka yaba da bakinka ba su da daraja, sai mai saye ya gani da idonsa. Na yanke cewa ba zan bar gidan nan ba sai sun ji gaskiya, kuma daga bakin Yaya za su ji ta.

Kwanakin da suka biyo Mushe ne yake kai ni sito da motarsa, don a ganinsa taimakon Yaya yake yi. Ina kunna inji in kara kunne a jikinsa, in shinshina man, in sa hannu in girgiza ƙugiyar kwaɓi in ji ko tana wasa. Akwai wani da aka yi wa sabon fenti yana ƙyalli, na wuce shi ban tsaya ba. Na zaɓi wani mummuna mai tsatsa a ƙafa. Mushe ya buɗe bayan mai fentin ya leƙa, ya rufe. A hanya ya tambaye ni, "Ba za ka kira yayanka ka ji ra'ayinsa ba?"

Na ce, "Ya ba ni wuƙa da nama."

Ya dube ni ta gefen ido, ya ci gaba da tuƙi.

Madam da kanta take gasa baƙin burodin nan nasu, duk Asabar. Tana da wani tsamin ƙullu a kwalba da ta zo da shi tun daga ƙasarsu, tana ciyar da shi kamar dabba. Wata safiya ina shan shayi ta ce tana son ta koyi irin burodin da muke yi a Maradi, ko zan nuna mata.

Na ajiye kofi. Na ce, "Madam, ni ɗaukar tire na sani, sai ɗan aikin ƙarfe. Kwaɓi sai maigida. Hannunsa daban ne."

Ƙarya ce, kuma da gangan na yi ta.

Ta ce, "To bari mu tambaye shi." Nan take ta kira shi, ta buɗe muryar waya ta ajiye a tebur. Suka gaisa, ta faɗa masa buƙatarta. Na ji Yaya ya yi dariyar nan tasa ta manyan mutane.

"Da farin ciki, Madam. Wata rana sai in zo in nuna miki."

A wurinmu wannan magana ba ta da nauyin komai. Ita ce "sai na zo" da ake faɗa a bakin ƙofa, kowa ya san ba zuwa za a yi ba.

"Wace rana?" in ji Madam. Ta riga ta miƙe ta kama alƙalami.

"Ai duk ranar da ta yi miki."

"Asabar mai zuwa, ƙarfe goma. Akwai jirgin ƙasa da ke isowa kafin nan. Na rubuta."

Yaya ya ce zai duba aikinsa. Ta ce ai shi ya ce duk ranar da ta yi mata, kuma za ta gayyaci maƙwabtansu na sama, su ma suna son burodi. Mushe daga bayan jarida ya ƙara da cewa dama sai a yi maganar ɗakin yarinya a gama. Yaya ya ce to.

Ba a yi rabin awa ba wayata ta yi ƙara. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Kai, wane ne ya kawo maganar kwaɓin nan?"

"Ita ce, Yaya. Ina kwana?"

"Me ya hana ka nuna mata?"

"Ai ka ce in kama bakina. Kuma na ga hotonka a zaure. Ya yi kyau ƙwarai."

Na ji numfashinsa. Ya gane na sani, amma bai nemi gafara ba. Da ya ce mini a lokacin, "Ƙanena, na yi kuskure," wataƙila da na tausaya na nemo masa mafita. Abin da ya ce shi ne, "Kai ba ka san yadda ake zama da Turawa ba. Faɗa mini awon kawai."

Na faɗa masa. Fulawa kaza, ruwa kaza, gishiri, yis, ɗan sukari. Ban rage ba, ban ƙara ba, Allah shaida ne. Ban buƙaci ha'inci ba. Na san awo ana faɗarsa a waya, amma hannu ba ya bin waya.

Ranar Asabar ya iso goma saura minti biyar, da kwat da furanni a hannu. Maƙwabtan, wani tsoho da matarsa, sun riga sun zauna a kujerun kicin. Madam ta jera komai a tebur, har da ma'auni. Ta ɗaura masa ƙyallen kicin na tare datti a kan farar rigarsa. Ni na tsaya kusa da firji, inda yaro ya kamata ya tsaya.

Ya fara da jawabi. Wannan kam ya iya. Ya yi maganar burodi da zumunci da yadda ake tashi kafin kiran salla, tsohuwar nan tana gyaɗa kai. Sannan ya tsoma hannu cikin fulawa da agogonsa da zobensa. Na ga idon Madam ya sauka a kan zoben. Duk wanda ya taɓa kwaɓi sau ɗaya ya san abin da ake fara cirewa.

A waya na ce masa ruwa mai ɗumi. Shi kuwa ya ɗauko butar da Madam ta dafa shayi da ita, tana tururi, ya tuttula a kan yis gaba ɗaya. A nan burodin ya mutu, sauran duk jana'iza ce. Ƙullu ya kama masa yatsu. Ya ƙara fulawa, ya yi tauri. Ya ƙara ruwa, ya zama kunu. Ya shiga dukansa da tafin hannu kamar mai kashe wuta. Gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa.

Yana murmushi ga baƙi ya ce mini da Hausa, "Zo ka karɓa mana."

Ni ma da murmushi na ce, "Wane ni, Yaya. A gaban maigida?"

"Kar ka yi mini iskanci. Me zan ƙara?"

"Haƙuri."

"Me yake cewa?" in ji tsohon maƙwabci.

"Yana yaba fulawarku," in ji Yaya. Ya juyo gare ni, murya ƙasa ƙasa. "Don girman Allah ka rufa mini asiri. Don darajar iyayenmu."

"Ai a rufe yake. Ni ban ce komai ba, kuma ba zan ce ba."

Madam ta matso ta tsoma yatsa a ƙullun, ta ɗaga ta duba. Ta ce, "Ruwan ya yi zafi. Wannan ba zai tashi ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar dai mai faɗin ƙarfe nawa. Yaya ya ce fulawar nan ba irin tamu ba ce, kuma an daɗe, hannu ya manta.

Mushe yana jingine da ƙofa tun da aka fara. Sai ya zo ya tsaya gabana ya ce in ɗaga hannun rigata. Na ɗaga. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk tabon bakin tanda ne, layi a kan layi, tsofaffi da sababbi. Ya duba, ya duba hannuwan Yaya. Sannan ya yi tambayar da Bahaushe ba zai taɓa yi wa baƙonsa a gaban mutane ba.

"Gidan burodin nan na wane ne?"

Ni ya kamata in duba ƙasa, kuma ƙasa na duba. Yaya ya fara cewa ai a wurinmu abin ɗan'uwa na ɗan'uwa ne, dukiya ta dangi ce.

"Wa ya gina shi?" in ji Mushe.

Yaya ya tsaya da hannuwa a sama, ƙullu yana zuba daga yatsunsa a kan takalminsa. Ya ce, "Shi ne."

"Kai me ka yi a ciki?"

"Ba komai."

Shekara bakwai na tallar tasha, da duk asubahin da na tashi, ban taɓa jin an biya ni su kamar a wannan kalma biyu ba. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Maƙwabtan suka tuna suna da wani uzuri, suka haura sama. Madam ta kwance wa Yaya ƙyallen, ta nuna masa famfo. Ta tambaye shi me ya sa ya faɗa musu haka shekara da shekaru. Ya ce maganar da wasa ta fara, a wani cin abinci, daga baya ya rasa inda zai tsayar da ita. Ta ce ba ta ga wasa a ciki ba. Sannan ta juyo kaina.

"Kai ma ka ce mini ba ka iya kwaɓi ba."

Na ce, "Na faɗa, Madam."

"Ƙarya ce."

"Ƙarya ce."

"Ka sa na gayyaci mutane gidana don ka kunyata ɗan'uwanka. Ban ji daɗin wannan ba."

Na ce tana da gaskiya, na ba ta haƙuri a kan kicin ɗinta da maƙwabtanta. Ban ba ta haƙuri a kan sauran ba, ita ma ba ta nema ba. Ta kwashe mataccen ƙullun ta zuba a shara, ta auno sabuwar fulawa, ta tura mini kwano. Na wanke hannu na kwaɓa. Ta tsaya kusa tana kallon yadda nake naɗewa da turawa da gindin tafi, tana tambaya ina amsawa. Yaya yana falo shi da Mushe. Abin da na jiyo kawai shi ne Mushe yana cewa maganar ɗakin yarinya tana nan yadda aka yi ta, yarinya ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Wannan ya kwantar mini da hankali, don ba da ita nake yi ba.

Burodin ya tashi. Yaya bai jira an fitar da shi ba, ya ce yana da jirgin ƙarfe biyu. Na ɗauki jakarsa na raka shi tashar taram, ƙaramin jirgin cikin gari, kamar yadda ƙane yake yi. Akwai busasshen ƙullu a jikin agogonsa, yana ta kankarewa da farce.

Da muka tsaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka ji daɗi?"

Na ce, "Na ji, Yaya."

"Ka san abin da ka yi mini?"

"Na sani. Kai ma ka san naka."

Taram ya zo, na miƙa masa jaka, na ce ya gaida iyali. Ya shiga.

Na ƙara kwana shida a gidan. Madam ta yi kwana biyu tana gaishe ni a taƙaice, daga baya ta sake. Mushe ya raka ni har aka ɗora injuna a babbar mota, kuma tun daga ranar Asabar ɗin bai sake tambayata ko zan kira wani ba.

Tsakanina da Yaya ba a yi faɗa ba, ba a kuma yi sulhu ba. Muna gaisawa a wurin suna da ta'aziyya. Na sha bincika zuciyata ko zan sami nadama, don malamai suna cewa ramuwa ba ta da albarka, amma har yau ban same ta ba. Shekara biyu bayan haka ya zo gida ɗaurin auren wata ƙanwarmu, tare da wani abokin aikinsa Bature. Ina tsaye a ƙofar gidan burodi suka wuce a mota, sai na ga motar ta tsaya. Baturen ya sauke gilashi yana tambayar wannan wuri mai ƙamshi fa. Yaya yana kallon gaba, hannunsa a kan sitiyari, ya ce, "Na ƙanena ne. Shi ya gina shi."